Kitsen Agali

"To ka mutu da shi."

"In mutu da shi ɗin. Ai ba a kaina aka fara ba."

Lantana ta ajiye muciya. Mijinta, Malam Falalu, yana kishingiɗe a gindin rumbu, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a tanƙware, hannunsa cikin riga. Tun da aka gama girbi haka yake zama.

"Aiki ne fa kawai," in ji ta. "A yanka, a ɗinke, ka sa wandonka ka dawo gida."

"Wa zai miƙa wa likitan almakashi?"

Ta tura itace cikin murhu.

"Na ce wa zai miƙa almakashin?"

"Yaron."

"To."

Abin ya fito masa ne a matsematsi, wajen dama, tun bara. Da fari ya ce kaluluwa ce. Kaluluwa takan tafi, wannan ya zauna. Ya yi kamar ƙwan zabo, ya wuce ƙwan zabo, ya fara gangarowa inda ba a faɗa. Da damina ya daure. Da kaka, ran da ya ɗaga damin gero zai jefa rumbu, sai ga shi durƙushe, damin a wuyansa. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Ollelewa, ya taɓa wurin, ya ce masa ya yi tari, ya yi. Majo ya ce ƙaba ce, sai aiki, sai Tanout.

A Tanout likitan da ke yanka mutum ɗaya ne. Masu taya shi biyu ne, ɗaya ya tafi ƙaro karatu Yamai. Wanda ya rage shi ne Abdulmajid, mijin Radiya. Radiya kuwa ita ce ɗiyar Falalu ta fari.

Falalu bai taɓa kiran sunanta ba, balle na mijinta. Ita "waccan" ce, shi "yaron". In Abdulmajid ya zo gaisuwa, tun daga bakin danga yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa ya gai da ƙasa. Falalu ya amsa wa rumbu. Ba su taɓa cin abinci a inuwa ɗaya ba. Wata damina sun hango juna a kan siririyar hanya tsakanin gonaki, kowa ya ratse ya faɗa cikin gero, suka sake haɗuwa a cikin geron.

"To a tafi Damagaram," in ji Lantana.

"In aka ce Damagaram, wa zai kai ni?"

"Shi."

"Wa zai zauna a gindin gadona? Wa zai miƙo mini tasar fitsari?"

"In bai yi ba ka ce bai san girmanka ba."

"Zan ce."

"In ya yi fa?"

"Shi ya sa ba zan je ba."

"Sai a ɓoye masa."

"Ke ce za ki ɓoye? Ke da in akuya ta yi atishawa sai kin kira waccan a waya?"

Lantana ta ɗauki muciyarta. Ta tuƙa tuwon da ƙarfin da bai kamata ba, har tukunyar ta motsa a kan murhu.

"Mutum ya rufe ido ya ce gari ya yi duhu," ta ce wa tukunya.

Falalu ya tashi da ƙyar ya fita.

Gonarsa ba ta da nisa, amma ya daɗe bai isa ba. Raƙuman Attahir suna ciki, suna cin kara suna barin taki. Attahir Buzu ne daga wajen Tenhya, kowace kaka a gonar Falalu yake sauka, kamar yadda ubansa ya sauka a gonar uban Falalu. Yana gindin aduwa yana fifita gawayin shayi.

"Wannan tafiya taka ta wanda ya sauko daga raƙumi ce," in ji Attahir. "Kai kuwa jaki ma tsoronsa kake."

"Bar ni, Buzu."

"Zauna. A'a, ka zauna yadda kake iyawa."

Attahir ba suruki ba ne, ba ɗa ba ne, ba na gari ba ne. Kafin shayi na biyu ya nuna Falalu ya gaya masa komai. Attahir ya yi dariya a cikin amawali, kafaɗunsa kaɗai ke nunawa.

"Ku Hausawa kun iya wahalar da kanku. Mu in suruki ya tunkaro, sai ka ja amawali har saman hanci. Shi ke nan. Ka zauna, ya zauna."

"Sauran jikin fa?"

"Sauran jiki kowa da irinsa. Fuska ce mutum. Ka taɓa gane wani da gwiwarsa?"

Falalu ya riƙe kofin shayi bai sha ba. Ya daɗe yana kallon rawanin Attahir, baƙin turkuɗi mai sheƙi, wanda ba ya barin komai waje sai ido.

"Kana da wani?"

"Wani me?"

"Rawani."

Attahir ya daina dariya. Sai kuma ya sake, wannan karon har da tari.

A nan gindin aduwa suka gama shirin. Falalu zai zama Agali, wan Attahir, mutumin daji wanda ba ya jin Hausa ko ta sayen gishiri. Attahir zai yi magana, Agali zai yi shiru.

"Ka iya shiru kuwa?"

"Lantana nake aure."

Ya gaya wa Lantana zai bi Attahir Tenhya, akwai wani tsoho can mai maganin ƙaba. Ta ce Allah ya sa tsohon ba shi da ɗiya. Ta ɗaure masa ƙullin fura.

A bayan gari Attahir ya naɗa masa rawanin, ya sa masa babbar riga da wando mai faɗi. Falalu ya ce a ba shi takobi. Attahir ya ce takobi ba na masu ƙaba ba ne. Takalman Attahir sun yi masa yawa, sai ya bar nasa, na fata ja, ɗinkin Damagaram. Abdulmajid ne ya saye su da babbar salla, ya ba Radiya, Radiya ta ba Lantana, Lantana ta ajiye a ƙofar ɗaki ba ta ce komai ba. Falalu bai tuna ba. Mutum yakan manta da abin da yake takawa.

Suka hau motar kasuwa zuwa Tanout. Falalu ya yi tafiyar a kan ɗuwawu ɗaya.

Likitan wani gajere ne, mutumin Maradi, bakinsa ba ya hutawa. Ya sa Agali ya kwanta, ya danna wurin, ya sa ya tashi, ya sake dannawa.

"Tambaye shi tun yaushe."

Attahir ya juya ya zuba wata doguwar magana da Buzanci. Falalu bai gane komai ba sai sunan raƙumi da ya ji a ciki.

"Mm," in ji Falalu.

"Ya ce tun bara."

"Yana ciwo?"

Attahir ya sake zubawa.

"Mm."

"Ya ce sai in ya ɗaga dami."

"Dami? Buzu da dami?"

"Na ciyawa. Ta raƙumi." Attahir ya gyara amawali. "Ya kuma ce shi matsoraci ne tun yana yaro, a yi masa a hankali, yakan yi kuka."

"Duk a cikin 'mm' ɗin nan?"

"Harshenmu ke nan, Dokta."

Falalu ya taka masa ƙafa.

Likita ya wanke hannu. "Ƙaba in mutum ya kwanta takan koma ciki. Wannan ba ta komawa duka. Tana da taurin kai. Za mu buɗe mu gani. Kada ya ci komai da safe, ko shayi."

"Wannan ita ce za ta kashe shi," in ji Attahir.

Da safe Falalu yana zaune a bakin gado aka turo ƙofa. Abdulmajid ne, cikin koren kaya, da reza a cikin tasa. Falalu bai san yaron yana da tsawo haka ba. Kullum a durƙushe ya san shi. Bai san kuma yana da murya ba.

"Ina kwana. Wannan ne na aikin? Ka ce masa ya kwance wando, aski zan yi masa."

Falalu ya ja amawali har ya kusa rufe ido.

Abdulmajid ya sunkuya zai ajiye tasa a ƙasa. Takalman suna nan ƙarƙashin gado, a jere. Ya daɗe a sunkuye. Gwiwoyinsa suka fara tanƙwarewa da kansu, ɗaya ta kusa taɓa siminti, sai ya dafa ƙarfen gado ya yi kamar yana neman wani abu da ya faɗi. Da ya miƙe, bango yake kallo.

"Ka ba shi rezar," ya ce wa Attahir, muryar ta koma ciki. "Ya yi da kansa. An ce Buzaye ba sa son hannun baƙo."

"Haka ne," in ji Attahir. "Ka san mu sosai."

Abdulmajid ya fita da baya, kamar yadda ya saba.

Falalu ya saki numfashi. "Bai gane ba."

"Ko kaɗan," in ji Attahir.

Abdulmajid ya tarar da likita yana goge farce a bakin famfo.

"Dokta, kaina na ciwo."

"Ga ƙwaya a aljihun rigata."

"Hannuna ma rawa yake."

"Ka karya kumallo?"

"Na karya. Dokta, ko in kira Samira ta tsaya maka yau?"

"Samira tana ɗakin haihuwa da mata biyu a kan gwiwa. Kuma tsohon Buzu za ka kawo wa mace? Kana so ya gudu da allura a baya?" Likita ya dube shi. "Me ke damun ka?"

In Abdulmajid ya faɗa, shi ne ya tuɓe wa tsohon rawani a gaban mutane. In bai faɗa ba, zai ga abin da rawani ba ya rufewa. Ya tsaya yana kallon ruwa na zuba.

"Ba komai," ya ce. Ya ɗauki sabulu.

A ƙofar ɗakin aiki aka yi wata rigimar. Buba, mai allurar kashe jiki, ya ce rawani ba ya shiga, shi ma Attahir ba ya shiga. Falalu ya riƙe rawanin da hannu biyu. Buba ya ja, shi ma ya ja. Attahir ya ce wansa ko wanka da shi yake yi.

"Ku bar masa har ya hau tebur."

Abdulmajid ne ya yi maganar daga cikin ɗakin, ya ba su baya, yana jera ƙarafa.

"Buba, ka ɗaura zanen tsakani tukuna. Ka ɗaga shi sama sosai. In ya kwanta sai ka cire masa a can wajenka, ka sa masa hula."

"Yau kuma kai ne mai tsara mini aiki?"

"Don Allah."

Aka yi haka. Buba ya sa shi ya duƙa, ya soka masa allura a gadon baya, ya kwantar da shi. Aka rataya koren zane daidai ƙirjinsa, ya raba shi biyu, kai a ɗaki ɗaya, sauran a wani. Buba ya warware rawanin. A ƙarƙashi ya tarar da fuskar manomi da zane irin na mutanen Damargu a kunci, duk ta rine da shuni daga goshi har gemu. Buba baƙo ne, daga Diffa aka kawo shi, bai san kowa a ƙasar ba. Ya dubi fuskar, fuskar ta dube shi.

"Sannu, Baba Buzu," ya ce a hankali.

Falalu ya rufe ido.

Ƙafafunsa suka yi ɗumi, suka yi nauyi, suka tafi. Ya ji an yaye zanen da ke cinyarsa, ya ji kamar a jikin wani. Ba zafi. Kunne kaɗai ya rage masa, shi kuwa kunne ba a yi masa allura.

"Bismillahi. Majid, goge nan. Ja. Ja mana. Ba can ba, nan."

"To, Dokta."

"Me kake nema a silin? Ƙadangare ne?"

"A'a, Dokta."

Ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Likita ya yi ta 'yar waƙarsa a hanci, sai ya tsaya.

"Kai. Ka ga wannan? Ba ƙaba ba ce. Ina jakar hanjin? Babu. Kitse ne." Ya yi dariya. "Mutum kamar sandar kiwo, duk kitsen da Allah ya ba shi ya tara a wuri ɗaya. Dubi. Ka ga igiyar nan? Ita ke riƙe da ƙwan, jini ta cikinta yake bi, hanyar haihuwa ma tana ciki. Kitsen ya dunƙule a jikinta, ya bi ta ya gangaro. Daga waje ba ka raba shi da ƙaba, sai an buɗe. Ba mugu ba ne. Ba ya cin mutum, zama kawai yake yana ƙiba kamar baƙon da aka yi wa shimfiɗa. Ka gani?"

"Na gani, Dokta."

"Ba ka gani ba. Ƙofa kake kallo."

Falalu ya ji wani abu kamar ana jan tsumma a can nesa. Sai likitan ya daina wasa.

"Majid. Ya manne da jijiya. In ƙarfen nan ya zame daga hannunka zan yanke abin da ba a ɗinkewa. Ban san me ya same ka yau ba, ban kuma damu ba. Mutum ne a nan. Sauke idonka."



"To, Dokta."

Daga nan Falalu bai ƙara jin an ambaci silin ba, ko ƙofa. Sai "riƙe", sai "goge", sai "yawwa". Ya gane yaron ya san shi, kuma yanzu wurin yake kallo. Ya kafa wa koren zanen ido. Akwai wani ɗan faci a jikinsa, an ɗinke shi da baƙin zare, ya yi ta kallon facin. Buba ya goge masa gumi da auduga, audugar ta fito shuɗiya.

Aka ji wani abu ya faɗa tasa, tim.

"Alhamdu lillahi," in ji likita.

"Alhamdu lillahi," in ji Falalu, kafin ya kama bakinsa.

"Ka ji, wannan dai kowa ya iya ta. Ba ni zare." Likita ya koma waƙarsa, sannan ya koma surutu. "Yaya Radiya? Aman ya tsaya?"

Ƙarfe ya yi ƙara a hannun wani.

"Da sauƙi, Dokta."

"Na fari haka yake. Ta riƙa shan ƙwayar jini. Ka gaya wa tsohon naka zai yi jika?"

"Ba a faɗa, Dokta."

"Af, na manta. Ku mutanen Damargu. Yana nan dai, surukin naka? Wanda ka ce bai taɓa ganin fuskarka ba?"

"Mutumin kirki ne, Dokta."

"Ban ce ba na kirki ba ne."

"Babu kamarsa daga nan har Belbeji. Ga haƙuri, ga addini, ga noma. Geronsa ya fi na kowa."

"Ba haka ka ce mini ran nan ba. Cewa ka yi in ya yi tari jakan unguwar ma sukan daina kuka."

"Don girmamawa, Dokta."

"Ka ce in ka dawo daga gaishe shi sai ka shafa wa gwiwarka man zafi."

"Ƙasarsu ce mai tsakuwa, Dokta."

"Yanke zaren. Me ya sa kake gumi haka? Buba, fankar nan na aiki kuwa?"

"Tana aiki," in ji Buba. Shi ma silin yake kallo yanzu, leɓensa a cije.

Kafin a sauke zanen Abdulmajid ya ce zai je ya wanke ƙarafa. Buba ya mayar da rawanin yadda ya iya. Ya fito a karkace, kamar gammo.

Likita ya kai wa Attahir tasar a baranda, don a nuna wa dangi abin da aka cire. Dunƙule ne rawaya, mai santsi, ya cika tafin hannu har ya zarta. Attahir ya juya shi da tsinke.

"Tozo ne," ya ce. "Ya yi tozo a inda ba a yin tozo."

Ya naɗe shi a tsumma ya je ya binne a bayan katanga, ya ɗora dutse saboda karnuka.

Kwanakin da suka yi a ɗakin jinya Abdulmajid bai leƙo ba. Buba ne ke canza bandeji. Amma kullum da azahar sai a sami kwano a bakin ƙofa, an rufe da faifai, wai sadaka ce don baƙi. Tuwon gero ne da miyar kuka. Daga lomar farko Falalu ya san daddawar. Lantana ce ke yin ta, kuma mutum ɗaya take aika wa a Tanout. Ya ci ta ƙarƙashin amawali, ya juya wa ɗakin baya. Attahir ya cinye naman, ya ce marar lafiya ba ya cin nama, a al'adarsu.

Da aka sallame su, a gindin aduwar nan Falalu ya mayar da kayan aro. Ya wanke fuska da ruwan salka, ya sake wankewa da toka. Shunin ya ce yana nan.

Lantana tana sussuka ya shigo, yana taku kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Ta dubi fuskarsa. Ta dubi tafiyarsa.

"Maganin Tenhya ya karɓe ka."

"Ya karɓe ni."

"A fuska ake shafa shi?"

"Har da fuska."

Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin rumbu. Da ya zo zama rigarsa ta ɗage, farin bandeji ya leƙo daga bakin wando, ga warin maganin asibiti.

"Ashe har ɗinki suke yi a Tenhya."

"An ci gaba."

Ta shiga ɗaki, ya ji ta tana magana ƙasa-ƙasa a waya, sai ya ji ta yi wata dariya ta toshe da zane.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ji babur ya tsaya a waje. Abdulmajid ya tuɓe takalmi a bakin danga, ya shigo a duƙe, ya durƙusa a inda ya saba, ko ma ya ɗan ƙara nisa. Falalu ya juya wajen rumbu. Kunnensa da gefen wuyansa har yanzu shuɗaye ne.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya."

"Ina gajiya."

"Ba gajiya."

"Yaya aka ji da girbi."

"Mun gode Allah. Mutanen gidan?"

"Suna gaisuwa."

Nan gaisuwar takan ƙare, yaron ya ja da baya ya tafi wajen Lantana. Yau bai tashi ba. Ya zana wani abu a ƙasa da yatsa, ya share.

"Baba, mun yi wa wani Buzu aiki. Wan Attahir. Sun tafi ba a gama yi masa bayani ba. Na ce tunda Attahir a gonarka yake, ko za a isar masa."

Falalu ya gyara kishingiɗa.

"A faɗa. In na gan shi."

"Kada ya ɗaga dami. Kada ya ja guga. Kada ya hau jaki, sai sanyi ya wuce."

"Raƙumi yake hawa."

"Raƙumi, Baba. Kada ya hau raƙumi. Kada ruwa ya taɓa wurin. Zaren kuma majon Ollelewa zai cire masa, ba sai ya koma Tanout ba. Na yi wa majo magana."

"Wannan ya yi," in ji Falalu. "Abin zai dawo masa?"

"Da wuya."

"Ba mugun ciwon nan ba ne da ke cin mutum?"

"A'a, Baba. Kitse ne kawai. An cire shi duka."

"Na ji yana cewa wai wurin na yi masa ƙaiƙayi."

"Warkewa ce. Kada ya sosa."

Falalu ya zare hannunsa daga cikin riga ya ɗora a kan gwiwa.

Wata kurciya ta sauka a kan rumbu, ta tashi. Daga madafa ana jin tukunya na tafasa.

"Ya ce yaran asibitin suna da hankali," in ji Falalu. "Ban da gajeren."

"Za a gaya musu, Baba."

"Ba sai an gaya musu ba." Ya ɗan yi gyaran murya, sai ya fasa, ya haɗiye. "Ya ce kuma wai ya ji ana zancen wani tsoho mai tari. Da jakai."

Goshin Abdulmajid ya kusa taɓa ƙasa. Ya daɗe a haka.

"Buzun ba ya jin Hausa, Baba."

Falalu ya yi ta kallon rumbu.

"Haka ne," ya ce. "Ba ya ji."

Lantana ta fito daga madafa da kwano a hannu, tururi na tashi. Ta tsaya a tsakaninsu, daidai tsakiyar filin da suka bari. Ta dubi ƙeyar mijinta, ta dubi tsakar kan surukinta.

"To, ga romon kazar da na yanka wa mai ɗinki," ta ce. "In ajiye a nan ne, ko in kai wa Buzun?"